Maharba Marasa Ido

Desmond Bestwick kafinta ne. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana haɗa tagogi da matakalar bene a garin Hucknall na ƙasar Ingila, arewa da Nottingham, kafin ya rataye zarto. Amma in ka tambayi waɗanda suka san shi, ba mai fara maka da zancen katako. Zancen ido za su yi maka. Desmond mutum ne mai yi wa sojan dalma ido.

Sojan duka-duka bai fi gaɓar yatsa tsawo ba, fuskarsa kamar ƙwayar dawa. Yawancin masu wasan yaƙi na kan tebur sukan lafta wa fuskar fenti launi ɗaya su wuce, tunda ba mai hango ta daga tsaye. Shi Desmond sai ya sa fari, ya ɗiga baƙi a tsakiya, ya ja gira da buroshi mai gashi uku. A ɗakin bayan gidansa akwai sojoji sun haura dubu huɗu jere cikin akwatuna, kuma kowannensu yana kallonka.

Ƙungiyarsu tana haɗuwa duk Asabar da rana a zauren wani tsohon coci. Mutum goma sha huɗu ne in an cika. Su shimfiɗa koren bargo a tebur, su dasa tuddai da itatuwan soso, su jera runduna, a yi ta awo da tef ana jefa 'yan lido har ƙarfe biyar, sannan a wanke kofunan shayi a watse. Kowace shekara, ranar Asabar ɗin ƙarshe ta Satumba, kowa yakan rubuta rundunar da ya zaɓa a takarda ya jefa cikin gwangwanin biskit. Daga nan yana da wata shida ya yi mata fenti kafin gasar Ista. Doka ta huɗu a takardar ƙungiya ta ce sojan da mutum bai yi wa fenti da hannunsa ba, ba ya hawa tebur. Desmond ne ya rubuta dokar a 1991. Shi ne kuma ya fara aiki da ita bayan shekara uku, ranar da wani mai suna Clive ya zo da rundunar da ya saya a gama. Desmond ya ɗaga soja ɗaya, ya juya shi, ya ce, "Wannan ba hannunka ba ne." Clive ya kwashe kayansa, bai sake taka zauren ba.

A bara aka tsayar cewa gasar ta rundunonin ƙarni na goma sha biyar ce. Kowa ya san abin da Desmond zai ɗauka, don ya shekara goma yana faɗa: rundunar Burgundi, wata tsohuwar masarauta a Turai, soja ɗari da tamanin, riguna rabi shuɗi rabi fari da jan kuros a ƙirji da baya, ga tutoci masu rubutu. Aikin gwani ne, kuma shi ne gwanin.

Abin da ba wanda ya sani, a zatonsa, shi ne hannunsa na dama ya fara rawa tun watan Fabrairu. Likita ya ce ba ciwo ne mai kisa ba, amma ba ya komawa baya. Mutum ɗaya ya gaya wa, matarsa Glenys, kuma sai da ya sa ta yi alkawarin rufe baki. A zaure yakan riƙe kofin shayi da hagu, ya cusa dama a aljihu.

Zargin ya fara ne ranar Asabar ta ƙarshe a Agusta. Ya zo da maharba ashirin da huɗu da ya gama, wata uku yana fama da su, aikin da a da mako biyu yake ci masa. Al'adar zauren ita ce duk wanda ya kawo sabbin sojoji sai an bi su hannu-hannu, a sa su ƙarƙashin gilashin ƙara girma, a kushe. Kushen nan shi ne gaisuwar. Wanda ya fi kowa iya shi Trevor Widdowson ne, tsohon direban bas, abokin Desmond tun suna makaranta, mutumin da ya taɓa cewa wani dokin Desmond ya fi kama da surukarsa.

Desmond ya buɗe akwati ya jira. Trevor ya ɗauki maharbi ɗaya ya kai shi kusa da hanci, ya ɗan jima a haka. Bai nemi gilashi ba. Ya mayar da shi a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

"Sun yi kyau, Des."

"Me ka ce?"

"Na ce sun yi kyau. Ko laifi ne?"

"Lafiyarka kuwa?"

"Ƙalau. Wa ya ga inda aka ajiye sukari?"

Ba wanda ya sake miƙa hannu cikin akwatin. Daga nesa kowa ya yaba. Shekara talatin ba a taɓa yi wa Desmond ladabi a zauren nan ba, kuma bai ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Ana shirin tashi sai Maxine Oldknow, sakatariyar ƙungiya, wadda take aiki a kantin magani, ta miƙo masa wani ɗan amalanken ado da ake ajiyewa a gefen filin yaƙi. Ƙafarsa ɗaya ta karye.

"Des, kai ne kafintanmu. Ko za ka duba mana wannan?"

Ya tafi da shi gida, ya duba, ya ga roba ce mai arha, ya jefa a shara. Ya ɗauko guntun katako mai laushi ya sassaƙa sabo a yini ɗaya. Ya lura cewa in ya danne katako a kan benci ya matsa wuƙa, hannun yakan natsu. Bai ba abin muhimmanci ba. Ya ɗora amalanken a kan kanta ya manta da shi.

Asabar ta gaba aka fara ba shi shawara. Trevor ne ya soma, suna cikin wasa, kamar abin ya faɗo masa ne kawai.

"Ka taɓa tunanin baraden haya na Italiya? Sulke fari tun daga kai har ƙafa. Runduna ce ta manya, mutumina."

"Burgundi zan yi."

"Na sani. Faɗa dai na yi."

Bayan mako guda Maxine ta ce ta ga hoton baraden Italiya, sun burge ta. A wannan ranar kuma wani malamin makaranta da bai taɓa ba kowa shawara ba, ko a kan inda za a ajiye mota, ya tare Desmond a bakin famfo ya ce ai ƙungiyar nan ba ta taɓa ganin rundunar Italiya mai kyau ba.

Mutum uku, magana ɗaya. Desmond ya san akwai wata a ƙasa. Da farko ya ɗauka kofin gasar ake so a raba shi da shi. Sau shida ya ci gasar, kuma barade masu nauyi abinci ne ga duk mai bindigogi. Ya yi kwana biyu yana jin daɗin wannan zargi, don zargi ne da ke girmama mutum. Rana ta uku ya zauna ya duba yadda rundunar take a zahiri. Soja sittin ne kacal. A fesa musu ruwan azurfa, a shafe da baƙi-baƙi, an gama. Kowane barde kwalkwalinsa a rufe yake ruf. Babu fuska ko ɗaya, balle ido.

Nan ya sha jinin jikinsa. Sun sani.

Kuma hanya ɗaya ce maganar za ta bi ta fita. Duk Laraba Glenys tana zuwa iyo tare da Sheila, matar Trevor, su fito su zauna shan shayi awa guda. Shekara arba'in da shida da aure, Desmond bai taɓa kama ta da ƙarya ba, amma kuma bai taɓa ba ta ajiyar magana mai nauyin wannan ba. Sai ya ɗana tarko. Ranar Talata suna cin kifi da soyayyen dankali ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Na fasa Burgundi. 'Yan mashin Sikotland zan yi. Kar ki gaya wa kowa."

"To," in ji Glenys. "Miƙo gishiri."

Lissafinsa shi ne in ranar Asabar wani ya ambaci Sikotland, ya kama ɓarawo. Asabar ta zo. Ya kasa kunne daga ƙarfe ɗaya har biyar. An yi zancen farashin fenti, an yi zancen gwiwar Trevor, an yi gardama a kan ko daji yana tare harbi. Ba wanda ya ce Sikotland. Wani zai samu kwanciyar hankali. Shi Desmond sai ya yanke cewa sun fi shi wayo ne, Glenys ta gargaɗe su.

Da ya dawo gida ya tarar da ita tana ninke kaya.

"Yaya 'yan Sikotland?" ta ce.

"Suna nan."

"Desmond, tun 1994 kake cewa rundunar Sikotland shingen kara ne mai tafiya. Ka ɗauka ni ba na ji in kana surutu? Gwada ni kake yi."

"Ni ban ce..."

"Kai ka sa na rufe baki. Wata bakwai ina kallon Sheila ido cikin ido tana tambayata lafiyarka, ina cewa ƙalau. Ƙanwarka ma ban gaya wa ba. Ni na ɗaura maka igiyar takalmi ranar bikin jikarka a bayan mota don kar a gani. Sakayyata ke nan, Sikotland?"

"To wa ya gaya musu?"

"Ka je ka tambaye su mana! Ko bakin ma rawa yake yi?"

Ba ta ƙara yi masa magana ba sai washegari da rana, shi ma don ta ce ya ɗauke ƙafa za ta yi shara.

Ranar Litinin da safe ya hau bas zuwa lambun Trevor, can bayan layin dogo. Ya same shi yana haƙar dankali, hula a keya.

"A'a, Janar da kansa! Kamo buhun nan."

"Wa ya gaya maka?"

Trevor bai tambaye shi wace magana ba. Ya kafa cebur a ƙasa ya jingina.

"Kai ka gaya mini."

"Ƙarya kake yi."

"Des, shekara talatin sojojinka suna harara ta. In na matsa hagu su bi ni, in na matsa dama su bi ni. Har mafarkinsu na taɓa yi. Ranar nan na ɗaga ɗaya, bai kalle ni ba. Ka ja baƙin layi a ƙarƙashin kwalkwali ka ce inuwa ce. Ashirin da huɗu, ba mai ido. Wa kake yaudara?"

Gaskiya ne. Ya gwada yi wa uku na farko ido, suka fito kamar soyayyen ƙwai, ya kankare.

"Maxine kuwa tun Afrilu ta gane," in ji Trevor. "Aikinta ke nan, kallon hannun tsofaffi. Ka koma shan shayi da hagu kana zubar da rabi a riga."

"Sai kuka zauna kuka zaɓa mini rundunar makafi."

"Rundunar da za ka iya gamawa. In ba ka so, akwai wata hanya. Maxine ta rubuta gyara ga doka ta huɗu. Duk wanda ya haura saba'in, ana iya taya shi fenti."

"Mu nawa ne muka haura saba'in?"

"Ni da kai."

"Kai kuma tun kana saurayi fentinka kamar da tsintsiya kake yi, ba wanda ya gyara doka dominka. Wato dokar Desmond ke nan. Me zan ce wa Clive?"

"Clive ya mutu tun 2009, Des."

"Shi ya sa."

Trevor ya ciro cebur ya ci gaba da haƙa. "To ka yi Burgundi ɗin. Taurin kanka ya riƙe maka buroshi."

Saura kwana biyar a jefa takarda a gwangwani. Desmond mutum ne mai awo kafin yanka, sai ya auna. Soja ashirin da huɗu a wata uku: Burgundi za ta ci kusan shekara biyu, kuma su ma ba ido. Italiya za ta gamu, amma duk wanda ya kalli tebur zai san sadaka ce aka ba shi. Gyaran doka kuwa, gara ya ƙone akwatunan. Ranar Alhamis ya yagi takarda ya rubuta cewa ba ya shiga bana, ya ninke ya sa a aljihun kwat. Ya san wanda ya tsallake shekara ɗaya a shekarunsa ba ya dawowa.

Ranar Juma'a yana neman abin da zai mayar wa ƙungiya, makullin kabad da sauransu, sai idonsa ya faɗa kan amalanken nan a kanta. Ya sauko da shi ya murza ƙafafun. Suna juyawa sumul. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya jawo wani tsohon littafi daga ƙasan tari ya buɗe wajen yaƙe-yaƙen ƙasar Bohemiya, su ma na ƙarni na goma sha biyar. Manoma ne da ba su da dawakan yaƙi, sai suka ɗaure amalankensu da sarƙa suka yi ganuwa, suka kafa musu allunan katako masu kafar harbi, suka tsaya a ciki da bindigogi da sandunan sussuka. Barade suka yi ta zuwa suna karyewa a jikin katako. Amalanke goma sha biyu sun isa runduna. Mutanen ciki ba su fi hamsin ba, tufafinsu launin ƙasa, hulunansu masu faɗin baki. Sauran duk aikin kafinta ne da babban buroshi, kuma hannu mai rawa ya fi kowane hannu iya watsa taɓo a jikin ƙafar amalanke.

Ba wanda ya ba shi wannan shawara. Abin da ya fi yi masa daɗi ke nan. Ya ciro takardar aljihu ya yage, ya rubuta wata.

Ranar Asabar Maxine ta girgiza gwangwani ta fara karantawa. Da ta zo kan tasa ta ce, "Desmond, amalanken Bohemiya." Zauren ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce ashe Janar ya koma dako. Desmond bai kula su ba, Trevor yake kallo. Trevor bai ko ɗago daga kofin shayinsa ba.

Takarda biyu bayan nan Maxine ta karanta, "Trevor, baraden Jamus." Shekara ashirin Trevor bai taɓa jera komai ba sai maharban Ingila. Kuma duk wanda yake zauren ya san baraden Jamus suna cikin waɗanda suka yi ta fasa kai a jikin amalanken Bohemiya. Takardar Trevor kuwa ta riga ta Desmond shiga gwangwani, a gaban idonsa.

Da aka tashi, Trevor ya kira shi bakin mota ya buɗe but. Guntayen katako ne masu laushi, irin na sassaƙa, cike da kwali, an ɗaure su dami-dami.

"Mijin 'yata ne ya share shagonsa. Zubarwa zan yi, sai na ce ko kana so."

"Yaushe ya share?"

"Oho. Wajen Agusta."

Desmond ya karɓi kwalin, don katakon mai kyau ne. A gida ya jera wa Glenys hujjoji kamar mai gabatar da ƙara. An ba shi amalanke ranar da aka ga maharba. Ƙafar ta karye tsaf, irin karyewar filaya, sai dai ya riga ya jefar da shaidar. Mutum uku sun tura shi wajen rundunar da suka san ko da bulala ba zai ɗauka ba. An kawo gyaran doka don a toshe masa ɗaya ƙofar. Ga katako tun Agusta, ga baraden Jamus.

"Wato mutum goma sha uku sun zauna sun ƙulla maka makirci," in ji Glenys, "don ka yi abin da kake so."

"Haka nake nufi."

"To ka kai su kotu."

"Ke kin sani?"

"Ni? Ai ni 'yar Sikotland ce."

Abin da aka tabbatar ba shi da yawa. Maxine ta ce amalanken faɗowa ya yi daga kabad. Malamin makaranta ya ce shi dai yana son Italiya, can ya yi hutun aurensa. Trevor ya ce da yana da irin wannan ƙwaƙwalwar da bai ƙare a tuƙin bas ba. An janye gyaran doka ba tare da an jefa ƙuri'a ba, kuma doka ta huɗu tana nan yadda aka rubuta ta. Desmond ya yi hunturu yana sassaƙa. Ya gama saura mako uku a yi gasar, sarƙoƙin ma da hannu ya lanƙwasa su daga waya. A gasar Ista ya zo na huɗu cikin goma sha huɗu. Baraden Trevor kuwa, Desmond ya gama da su kafin ruwan shayi ya tafasa, kuma ya tsaya a kansa ya tabbatar Trevor ya jefa 'yan lidonsa a fili, ba a bayan tudu ba.

Amma ba sakamakon gasar yake ba da labari ba in an tambaye shi. Safiyar ranar yake faɗa, lokacin da ya buɗe akwati ya tsaya da hannu a aljihu. Trevor ya ɗauki amalanke ɗaya, ya ce a miƙo masa gilashi. Ya juya shi sama da ƙasa, ya leƙa ƙarƙashin hular wani manomi, ya tsuke baki.

"Wannan manomin ya fi kama da buhun dankalina. Kuma ƙafar bayan nan a karkace take. Shekara arba'in kana kafinta, haka ka yi ta yi wa mutane matakala? Allah ya kiyaye waɗanda suka hau."

Amalanken ya bi hannu-hannu har ya zagaye zauren, kowa da abin da ya gani.

Desmond bai yarda nan take ba. Zai yiwu kushen ma shiri ne. Da ya koma gida, ko kwat bai cire ba ya ɗauko sikwayarsa ta awon kafinta ya ɗora amalanken a benci ya auna. Ƙafar a karkace take da gaske, kaurin farce. Glenys ta ce daga kicin ta jiyo shi yana fito, abin da rabonta da ji tun Fabrairun bara.

Can sai fiton ya tsaya. Ya leƙo ta ƙofa, amalanken a hannu.

"Glenys. Da ya riƙe shi, babban yatsansa a kan ƙafar nan yake. Kina ganin shi ya lanƙwasa ta?"